Allura Takwas a Fuskar Rana

Lahadi, 14 ga Satumba, 1986

Da na sani da ban shiga laburaren nan ba jiya. Ruwa ne ya kora ni ciki, ba son karatu ba. Na ɗauki wata mujallar Turawa ta masu kallon sama ina buɗawa kafin ruwan ya ɗauke, sai ga shi a tsakiya: ran 13 ga Nuwamban bana Mekuri zai sake ratsa fuskar rana. Mekuri dai, ɗan tauraron nan da ya fi kowanne kusa da rana. Saura kaɗan in yi ihu a gaban mutane.

Sai layin ƙasa. Wai ƙanƙantarsa ta kai ba mai iya ganinsa da ido kawai, ko da baƙin gilashi, sai da madubin hangen nesa. Na karanta sau uku. Na kai wa matar da ke kula da littattafan ta karanta mini, ko Turancina ne ya gaza. Ba Turancina ba ne.

To ni me na gani a 1973?

Shekara goma sha uku ina ba da labarin nan. Ranar Asabar ce, a rediyo na ji za a yi. Na samo ɓallin gilashin taga na kanga a kan aci-balbal har ya yi baƙi, yadda muke yi a ƙauye in rana ta yi husufi, na tsaya bayan gida ina kallonta tun hantsi. Har wuyana ya ƙage, sai ga ɗigo baƙi a tsakiyarta. Na yi ta kiran Irene matata ta zo ta gani, ta ce ita da idonta take ɗinki, in ƙyale ta. Ɗigon nan bai tafi ba. Ya biyo ni ɗaki, ya biyo ni masaƙa, har yau yana cikin idona na dama, duk inda na duba yana can. Na san rana ce ta ƙona ni, ni ba yaro ba ne. Amma kullum ce wa kaina nake na ga na gaskiyar tukuna, sannan na ƙunar ya zo ya zauna a wurinsa. A shafin farko na littafin nan ma haka na rubuta da manyan baƙaƙe: NA GA MEKURI.

Duk unguwarmu ta Makera, Mai Rana ake kirana. Ashe ido na bayar ban karɓi komai ba.

Ban faɗa wa Irene ba. In ce mata me?

Laraba, 17 ga Satumba

Idon hagu ma ya fara. Ba yau ya fara ba, yau ne dai na yarda in rubuta. Kamar ta cikin labule nake duba komai.

Shekara ashirin da biyu ina tsaye a teburin haske a masaƙa, yadi na wucewa, in na ga aibi in tsayar da inji in soka jan zare a gefe. An san ni, tsinkakken zare ɗaya bai isa ya wuce ni ba. Yanzu fa? Ɗora tafin hannu nake a kan yadin kamar mai gyara masa zama, alhali lalube nake. Ba wanda ya gane tukuna, ko kuwa sun gane suna jin kunyata.

Mujallar ta ce in wannan ya wuce, wanda za a iya gani daga ɓangarenmu na duniya sai 2003. Shekara goma sha bakwai. Ni da ban san ko zan gane fuskar mutum a Kirsimetin bana ba.

Ya Ubangiji, ban roƙe ka mota ba, ban roƙe ka gida ba. Ɗigo ɗaya.

Asabar, 27 ga Satumba

Na samu! A kasuwar Panteka, cikin tarkacen ƙarafa, madubin 'yan safiyo, irin wanda suke leƙawa in za su auna titi. Ba ƙafa, fenti duk ya ɓare, amma gilashin lafiya lau. Na rungumo shi a bas kamar jariri, har kwandasta yana tambaya ko bindiga ce.

Malam Bello mai gyaran rediyo, maƙwabcina, ya jujjuya shi ya ce, "Mai Rana, ragowar idon za ka ƙarasa ke nan?" Na ce a'a Malam, wannan karon ba leƙawa zan yi ba. Mujallar ta nuna yadda ake yi: a saita bututun ga rana, hasken ya fito ta baya ya faɗa kan farin abu, a can ake kallo. Ya ce to da sauƙi. Ya tashi ya ɗauko waya da filaya.

Ƙafa ce ta ba mu wuya. Ƙarshe muka ɗaure shi a kan ƙafar tsohon keken ɗinkin Irene da ke jingine bayan ɗaki. Ta dawo daga zumuntar mata ta tarar. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. "Baban Mary, bututun nan zai ba mu tuwo?" Na ce mata ba komai ne ake ci ba. Ta ce haka ne, ta shige ɗaki ta bar ni da bakina.

Na ɗame farin ƙyalle a kan katakon tsohuwar rariya, na kifa murfin tukunya na zana da'ira, nan rana za ta zauna. Rariyar ma tata ce. Ban tambaya ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Na ce wa Irene ƙarin duti zan yi, na wuce asibitin ido. Layi tun safe har azahar.

Likitan ya haska, ya sake haskawa. Na dama ya ce tsohuwar ƙuna ce, ba abin da za a yi. Na hagu yanar ido ce, tana nuna da sauri, kuma bai ji daɗin abin da ya hango a bayanta ba. Ya ce a cire ta da wuri, in aka bari ta daɗe ana iya cirewa a tarar ba sauran abin ceto. Ya rubuta a kati: 4 ga Nuwamba.

Na tambaye shi kwana nawa ake yi. Ya ce goma a gadon asibiti, kai a kwance ba motsi, ba fita rana. Na ƙirga da yatsu a gabansa. Huɗu da goma, sha huɗu. Kwana ɗaya tak! Na ce ranka ya daɗe, ko za a ɗaga mini zuwa bayan 13? Ya cire tabaraunsa ya dube ni. Ya ce mutum nawa ke jiran gadon nan, in na bari ya wuce sai in koma ƙarshen layi, wata shida ko fiye, kuma shi bai yi mini alkawarin idon zai jira ba.

"Me ke gare ka ran 13? Biki?"

Na ce e, biki.

Katin yana cikin rediyo, bayan batur.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Abinci ya ƙi shiga. Ko ido ko ɗigo. Wane irin mutum ne ma zai tsaya yana tunani a kan wannan?

Lahadi, 19 ga Oktoba

Bayan coci rana ta fito fes, muka gwada a tsakar gida. Malam Bello na karkata bututu a hankali, ni ina riƙe da rariya a bayansa. Sai ga ta! Fara sol, ta cika da'irar murfin tukunya daidai, gefenta na ɗan rawa. Na huda kwali na zura a wuyan bututun don inuwa, ta ƙara fitowa. Ba ta zama wuri ɗaya, silalewa take, sai an riƙa bin ta.

Murnar ba ta kai minti biyu ba. Na rufe na hagu, ga ɗigo a tsakiyar rana. Na duba bango, ga shi a bango. Na duba Malam Bello, ga shi a kan hancinsa. Na rufe na dama, ba ɗigo, amma ko bakin ranar ban iya cewa ga inda ya tsaya ba. Kuma mujallar ta ce a da'ira mai wannan faɗin, Mekuri ba zai wuce kan allura ba.

Na sa Malam ya ɗiga tawada da bakin biro a wani ƙyalle, kar ya faɗa mini wurin. Na nema, na nema, na nuna. Ya ce, "Ka kusa." Ƙarya yake, na san muryarsa. Shi ma da ya rubuta, sai da ya gyara tabarau kafin ya sake gano wurin.

Irene na bakin ƙofa tana zura zare a allura, ko duban allurar ba ta yi. Na ji haushinta har cikin raina, ba ta yi mini komai ba.

Amma na gano wata dabara. In na kauda idon dama gefe kaɗan, ɗigona ya matsa, ina ɗan tsintar abu ta gefensa. Sau tara na gwada da yamma, na dace sau uku. Da saura mako uku da ɗoriya. Zan koya.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na koma laburare na kwafo lokutan. Zai fara tun muna barci, ya gama fita ƙarfe 6:31 na safe. Na leƙa kalandar sallar da ke rataye a shagon Malam Bello, ran 13 rana za ta ɓullo 6:22.

Minti tara. Minti tara, kuma a lokacin tana can ƙasa bayan rufin kwano da hayaƙin masaƙu. Kafin ta hau inda bututu zai kama ta, ya tafi abinsa.

Na zauna bakin kwata na rasa abin da ke mini daɗi. Shi ke nan, an yanke mini. Zan je ran 4 a cire yanar. Gobe in faɗa wa Irene komai. Abin mamaki, har na ji wani sanyi a ƙirjina, na ci tuwo malmala biyu.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ban faɗa mata ba, kuma yanzu ba zan faɗa ba.

Na je in kwance bututun in mayar mata da ƙafar kekenta. Malam Bello ya ce lafiya? Na miƙa masa takardar da na kwafo. Ya riƙe ta nesa da hancinsa, ya karanta, ya ce, "Shida da minti talatin da ɗaya, agogon wa?"

Na ce agogo ai agogo ne.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Alex! Kai ba ka jin tashar Landan? Kullum sai sun faɗi agogonsu sannan su ce agogon Najeriya da Nijar. Mujallar Turawa da agogonka za ta yi lissafi? Ƙara awa ɗaya."

Bakwai da rabi da minti ɗaya. Awa guda cur har da ɗori! Na kama hannunsa na yi ta girgizawa, ya ce in sake shi kar in karya masa abin sana'a. Ya ce akwai wani bene da ba a gama ba a unguwar Nasarawa, bayan layin dogo, gabas a buɗe ba abin da ya tare. Mai shi yana kawo masa gyara, zai roƙa mana hawa.

Bawan Allah yana ta murna ya yi mini alheri. Bai san da kati ba. Da bai buɗe baki ba, da ran 4 ina asibiti.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na je aiki.

Ƙarfe tara na ɗaga kai wajen agogon bango, ban ga hannayensa ba, na dai san tara ta yi. Na ce yanzu wani na kwance a gadona. Allah ya ba shi lafiya, ko wane ne. Har na soki kaina da allurar jan zare.

Gwajin yamma: sau biyu cikin goma. Baya nake ci.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Oga Monday, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis. Bandir biyu aka dawo da su daga wajen rini, tabon mai tsawon hannu a jikinsu, lambata a kai, ba jan zare ko ɗaya. Ya shimfiɗa mini a tebur ya ce in nuna masa tabon. Na kai hannu. Ya riƙe hannun.

"Da ido, Alex. Ba da hannu ba."

Tare muka shiga masaƙar nan da shi, shi ya riƙe Mary ranar baftismarta. Ya naɗe yadin ya ce zai san yadda zai yi da wannan, amma in je a duba ni.

Ni kuma da rashin ta-ido, a nan na roƙe shi ya canza mini dutin safiyar Alhamis zuwa na rana. Ya ce a wannan lokacin da ake neman dalilin rage mutane? "In ban gan ka Alhamis ƙarfe shida ba, ban san me zan ce musu ba. Ka ji na faɗa maka."

Na ji.

Talata, 11 ga Nuwamba

Batur ya mutu. Irene ta buɗe rediyo.

Na dawo na tarar da ita zaune a bakin gado, kati a cinya, keke a rufe. Ta ce, "Huɗu ga wata. Yau sha ɗaya." Na fara kame-kame, ta ce in rufe mata baki.

Ban iya tuna duka ba. Ta ce tun Ista ta san na hagu na tafiya. Wa nake tsammani ke ajiye mini kofi da silifa a wuri ɗaya kullum? Wa ke saurin gaida mutane da suna a hanyar coci don in san da wa nake magana? Ta ce ta yi shiru ne tana jira in faɗa mata da bakina kamar mutum. "Ashe har an ba ka rana ka ɓoye a bayan batur. Rana ta ci ɗaya, ka ɗauki ɗayan da hannunka ka kai mata."

Na yi mata tsawa. Na ce ba za ta gane ba. Sai kawai na ji bakina na faɗa: ban gan shi ba a 1973, Maman Mary. Ba a ganinsa da gilashin hayaƙi. Ban ga komai ba. Idon ya tafi a banza, shekara goma sha uku ina ƙarya ban sani ba. In ban gan shi jibi ba, to ni wane ne? Wawan Makera.

Na zaci za ta yi mamaki. Ta ce, "Na sani. Tun daren ranar da ka ce ɗigon yana cikin tuwo."

Shekara goma sha uku tana jin ina ba baƙi labari, tana zuba musu ruwa.

Ta yi kuka, ni ma na yi. Ba mu shirya ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Ba ta yi mini magana ba tun safe. Na ɗauko rariya in goge, na ji an bi da'irar da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere. Ban tambaya ba.

Gwaji: ko ɗaya cikin goma.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun hannuna na iya riƙe biro.

Malam Bello na fitowa daga sallar asuba muka loda kaya a baro. Mun kai layin dogo na ji takun silifa a baya. Irene ce, da mayafi da ɗan gwangwanin alluranta. Ta ce wa Malam, ba ni ba, "Ƙafar kekena na biyo, kar a bar mini ita a gidan mutane."

Muna kan bene jiniyar masaƙa ta yi kukan ƙarfe shida. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ta daga waje ba in ina dutin safe.

6:22 ta yi, ba rana. Wani gajimare ya kwanta a gabas, hayaƙi ya hau kansa. 6:30. 6:40. Na yi addu'a, na yi zagi, ban san wanne ya fi yawa ba. Malam na ta cewa in yi haƙuri tana tafe. Saura minti goma bakwai ta cika, ta fito. Ya saita bututu, ta faɗo cikin da'ira.

Na duba. Na kauda ido gefe yadda na koya. Na matso har hancina na taɓa ƙyalle. Hawaye ya cika idon, na share, na sake. Na ga ɗigo, na nuna, Malam ya yi shiru. Na ga wani, na nuna. Shiru. Na ce masa kai fa, ka gani? Ya ce tabaraunsa sun yi gumi, ranar kuma rawa take. Na fara ihu, ban san me nake cewa ba. Ina jin cewa na yi a sake ni in leƙa ta bututun, in ya so idon ya ƙone gaba ɗaya. Na kai kaina wajen. Malam ya tare ni da ƙirji.

Sai Irene ta ce, "Ba ni nan."

Ta karɓi rariyar. Ta riƙe ta yadda take riƙe wuyan riga in za ta duba ɗinki. Ko numfashi uku ba a yi ba ta ce, "Wannan ɗan kashin ƙudan?" Ta sa farce za ta kankare, bai kankaru ba. Ta matsar da rariyar gefe, ƙyalle ya matsa, shi bai bi ƙyalle ba, ya tsaya tare da rana.

"Baban Mary. Ba a jikin yadin yake ba."

Na ce yaya yake? Ta ce baƙi ƙirin, kewayayye tsaf, kusa da baki. Ta ce Malam ya daidaita rana cikin da'ira, ta zaro allura mai kai ta soka a wurin. Ta kamo yatsana ta ɗora a kan allurar. "Ga shi nan. A nan yake."

Malam ya cire agogonsa ya riƙe. Duk minti biyar ya ce yanzu, ya daidaita, ta soka. A ta uku na ji ta ce a hankali, "Yesu. Ashe tafiya yake." Matar da ta ce bututu ba ya ba da tuwo! Ta hana mu motsi, ta ce Malam numfashinsa na girgiza mata rana. Ni ina tsugune ina bin allurai da yatsa, kowace ta fi ta baya kusa da baƙin zaren da'ira.

A ta takwas ta ce ya taɓa baki. Ta ce ya gutsiri bakin. Ta ce, "Ya fita."

Malam ya duba agogo ya ce bakwai da rabi da minti ɗaya, Allahu Akbar. Ya yi ta maimaitawa.

Duk tafiyar ba ta wuce gaɓar yatsa ɗaya ba.

Ban gani ba. In rubuta shi a sarari tunda littafina ne: ban gani ba. Na bar gadon asibiti, na bar aiki, na hau bene, ban gani ba. Muka sauko, muka kama hanyar gida. Ita ta riƙo rariyar a ƙirji, ta hana Malam ya sa a baro.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Dakatarwar mako biyu. Oga Monday ya ce iyakar abin da ya iya ke nan, in dawo da takardar likita ko a nema mini wani sashe. Na kwanta yini guda fuskata a bango.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Mun je asibiti. Ita ta yi magana, ni na zauna kamar ɗan makarantar da aka kawo ƙara. Likitan ya ce yaya biki? Ta ce an yi lafiya. Afrilu ya rubuta, in wani ya fasa kafin nan za su aiko. Ya sake haska na hagu, bai ce komai ba. Katin yana jakarta.

Wajen tsallaka titi a Kakuri ta riƙe mini gwiwar hannu. Da can fizgewa nake. Motoci sun yi yawa yau, shi ya sa.

A teburin mai shayi suka taso ni. "Mai Rana, an ce kun hau bene. Ka gani?" Na ce Irene ta gani. Suka yi ta dariya, wani ya ce to ai sai a mayar mata da sunan. Na ce a mayar.

Na buɗe shafin farko. Ban goge ba, na dai ja masa layi ɗaya. A ƙasa na rubuta kwanan wata da sunanta da na Malam Bello.

Ɗazu tana wanke-wanke ta tambaye ni, wai a 2003 ɗin da safe ne ko da yamma. Na ce ban kwafo ba. Ta ce in an je cikin gari a kwafo. Ta sa an shigo da bututun ɗaki, ƙafar keken na jikinsa, ba ta ce a kwance ba.

Ta cire alluran, tana bukatarsu. A gurbin kowace ta yi ƙulli, ta miƙo mini. Na ƙirga da yatsa, takwas, a jere har bakin da'ira. Na kai kusa da taga na ga kamar ja. Na ce mata jan zare fa alamar aibi ne a wurinmu. Ta ce ai ba da ido zan karanta shi ba.

Na jira in ji haushi. Bai zo ba.